Zaɓen Fanel ɗin Bango Don Ginin da Ake So Ya Jure Gobara

Ajiye guntayen fanel biyu a kan tebur, ka rufe bakin yankansu, sannan ka kira wanda ya shekara ashirin yana aikin gini ka ce ya nuna maka wanda zai jure wuta ba tare da ya ɗaga su ba. Ba zai iya ba. Dukansu farin ƙarfe ne mai santsi, kauri ɗaya, fenti ɗaya. Sai ka buɗe bakin yankan ne bambancin zai fito: ɗaya cike yake da farin soso mai 'yan ƙwayoyi, irin wanda ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali, ɗayan kuma da wani abu mai kama da auduga, launinsa tsakanin rawaya da ƙasa-ƙasa, mai sa ƙaiƙayi a yatsa. Na taɓa kara wa irin waɗannan guntaye harshen wutar gas a fili, a gaban wani mai gini da ya nace sai ya sayi mai araha. Farin soson bai tsaya ko kaɗan ba. Ya janye kamar kitse a kan wuta, ya bar rami tsakanin fallayen biyu, yana ɗiga, baƙin hayaƙi na tashi. Audugar kuwa ta yi baƙi a inda wutar ta taɓa, ta ɗan yi ƙauri, shi ke nan. Mutumin ya daɗe yana jujjuya guntun da ya rarake a hannunsa bai ce komai ba.

Fanel ɗin da nake nufi shi ne allon bangon nan mai hawa uku: fallen ƙarfe a waje, fallen ƙarfe a ciki, sai ciko a tsakiya mai hana zafi ko sanyi ratsawa. Kaurin kowane falle yawanci tsakanin milimita 0.4 ne da 0.7. Da shi ake gina manyan sito, masana'antu, ɗakunan sanyi da ɗakunan gwaje-gwaje, don yana da saurin kafawa da sauƙin wankewa. Haɗarinsa kuma a ɓoye yake. Idan cikon mai ci ne, wuta kan shiga tsakanin fallayen ta yi ta gudu inda ido ba ya gani, ruwan 'yan kwana-kwana kuma ba ya isa gare ta, har gam ɗin da ke riƙe fallen ya saki, ƙarfen ya faɗo. A 1993 gobara ta tashi a wata masana'antar sarrafa kaji a Hereford da ke Ingila, wadda aka yi wa aiki da irin waɗannan fanel, 'yan kwana-kwana biyu suka rasa rayukansu a ciki. Daga wancan lokacin ne kamfanonin inshora na Birtaniya suka tsananta a kan abin da ake cusawa tsakanin fallayen.

Sai dai wancan gwajin na wutar gas ciko kaɗai yake nunawa. Ana iya sayen fanel mai ciko mafi kyau a kafa shi, gobara ta ratsa shi cikin 'yan mintoci. Abin da ke tare wuta shi ne bangon gaba ɗayansa: allon, mahaɗarsa, sukurun da aka ɗaure shi da su, ƙarfen da ke bayansa, da duk wata huda da aka yi masa. Wannan bangon za ka saya, yadda aka gwada shi, kuma a kan haka matakan nan suka ginu.

Mataki na farko: ka san abin da ake nema daga kowane bango

Kafin ka kira mai sayarwa ko ɗaya, shimfiɗa zanen ginin ka ɗauki jan biro. Tun ran gini ran zane. Ba kowane bango ake so ya tare gobara ba, waɗanda ake so ɗin ma ba adadin mintoci ɗaya ake nema daga gare su ba. Bi bangon da ya raba sito da ofis, na ɗakin janareta da taransifoma, na wurin cajin batiri, na matakala da hanyar fita, da bangon waje da ya kusanci iyakar fili ko ginin maƙwabci. A kan kowanne rubuta abu biyu: minti nawa ake so ya tsaya, 30, 60, 90 ko 120, da kuma ɓangaren da ake tsammanin wutar za ta fito.

Waɗannan lambobi ba daga kanka za su fito ba, balle daga bakin mai sayarwa. Dokar gini ta ƙasar da kake ce ke faɗar su, sai hukumar kashe gobara, sai kamfanin inshora. Ka lura cewa bukatarsu ba ɗaya ba ce. Doka ta fi damuwa da mutane su fita da ransu, inshora kuwa tana so ginin da kayan ciki su ma su tsira, shi ya sa sharaɗinta kan fi tsauri. Kamfanonin inshora da dama kan nemi fanel mai shaidar wata hukuma mai gwada kaya, irin FM Approvals ta Amurka, kamar FM 4880, ko ta LPCB ta Birtaniya, kamar LPS 1181 da LPS 1208. Ka tambaye su tun yanzu. Na ga wanda ya gama gini tsaf sannan aka gaya masa ba za a karɓi bangonsa ba, kuma babu magani sai kwancewa. Idan ginin babba ne ko kayan da za a ajiye masu cin wuta ne, nemi injiniyan da ya ƙware a harkar gobara ya duba zanen ya sa hannu.

Mataki na biyu: rarrabe gwaji biyu da ake yawan cakuɗawa

A nan aka fi yaudarar mutane, wani lokaci ma mai sayarwar shi kansa bai san bambancin ba. Akwai gwajin kamun wuta, akwai gwajin tare wuta. Na farko yana tambaya: shin wannan abu yana ci, yana ƙara wa gobara ƙarfi? Na biyu yana tambaya: idan gobara ta riga ta cika ɗaki, minti nawa wannan bango zai hana ta tsallakawa? Dubi kwanon rufi. Ba ya ci ko kaɗan, amma cikin ɗan lokaci zai yi ja, ya kunna kwalayen da ke jingine a bayansa. Dubi kuma ƙofar katako mai kauri da aka ƙera don gobara. Tana ci, amma tana iya tsayawa rabin awa.

A tsarin Turai, EN 13501-1 ne ke raba azuzuwan kamun wuta, daga A1 da A2, waɗanda kusan ba sa ci, zuwa B, C, D, E da F. Bayan harafin za ka ga s1, s2 ko s3, wato yawan hayaƙi, da d0, d1 ko d2, wato ɗigar narkakken abu mai ci da wuta. Saboda haka A2-s1,d0 na nufin abin da kusan ba ya ci, hayaƙinsa kaɗan, ba ya ɗiga. Amma ka san cewa a gwajin da ake ba da ajin B, C ko D, wutar ƙarama ce, kuma fuskar ƙarfen take duka. Fanel mai ciko mai ci yakan iya samun aji mai kyau a nan saboda fallen ya kāre shi.

Gwajin tare wuta wani abu ne daban. Ana gina bangon a bakin babban tanderu, yawanci mita 3 a tsaye mita 3 a kwance, a hura masa wuta bisa ƙa'idar ISO 834. A minti na 5 zafin ya kai digiri 576 a ma'aunin Selsiyos, a minti na 30 ya kai 842, a awa ɗaya 945, a awa biyu 1049. Ga bangon da ba ya ɗaukar nauyin gini, ƙa'idar gwajin ita ce EN 1364-1, sakamakon kuma EN 13501-2 ne ke fassara shi zuwa haruffa. Harafin E na nufin bangon bai ɓule ba, harshen wuta da iska mai zafi ba su ratsa ba. Masu gwajin kan kara curin auduga a bakin tsagar da ta bayyana, idan ya kama an faɗi. Harafin I na nufin bayan bangon bai yi zafin da zai kunna abin da ke kusa ba: matsakaicin ƙarin zafi kada ya wuce digiri 140, kuma ko a ɗigo ɗaya kada ya wuce 180. Harafin R na ɗaukar nauyi ne, fanel kuwa ba ya ɗaukar nauyin gini, don haka abin da za ka nema shi ne EI da lamba, kamar EI 60 ko EI 120.

Ka buɗe ido sosai a kan wannan I ɗin. Fanel ɗaya na iya samun E 120 amma EI 30 kacal, takardar talla kuma ta rubuta awa biyu da manyan baƙi.

Sauran ƙasashe da nasu tsarin. A Amurka ASTM E119 ko UL 263 ne ke auna tare wuta, da awa ake faɗar sakamakonsu. ASTM E84 kuwa gudun wuta a kan fuska kawai yake aunawa, kuma ajin A da yake bayarwa ba shi da alaƙa da A1 ko A2 na Turai, soso mai ci ma yakan same shi. Haka B1 da ake gani a kayan da aka gwada da tsarin Sin na GB 8624 ko tsohon tsarin Jamus na DIN 4102: ma'anarsa abu mai wuyar kamawa, amma yana ci, kuma bai ce komai a kan mintoci ba. Za ka iya haɗuwa da BS 476 kashi na 22, tsohon gwajin tare wuta na Birtaniya. Kafin ka dogara da kowanne, tabbatar hukumar da za ta duba gininka ta yarda da shi.

Mataki na uku: ciko

Farin soson nan shi ne EPS. Ya fi arha, ya fi sauƙin ɗauka, kuma yana fara laushi tun zafi na kusan digiri 100. Akwai wanda ake sa wa sinadarin rage kamawa, wannan yana taimakawa idan ɗan tartsatsi ne, amma a gobara ta gaske narkewa zai yi ya bar fallaye biyu babu abin da ke riƙe su. Ba ni da wani sassauci a kansa: bangon da aka rubuta wa mintoci da jan biro, EPS ba shi da wuri a ciki.

PUR soso ne mai tauri, yana hana zafi ƙwarai, amma yana ci da hayaƙi mai yawa. PIR ɗan'uwansa ne da aka gyara wa haɗi, idan wuta ta taɓa shi sai fuskarsa ta zama gawayi, gawayin ya rage wa wutar gudu. Fanel ɗin PIR mai kyau kan samu ajin B-s1,d0 ko B-s2,d0, wasu kuma kan kai EI 30, masu kauri sosai har EI 60. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Duk da haka abu ne mai ci, kuma hayaƙinsa, kamar na PUR, yana ɗauke da iskar kabon monoksayid da ta sayanayid, waɗanda kan kashe mutum kafin wuta ta taɓa shi. Wani abin da ke damuna shi ne ido ba ya rarrabe PIR da PUR, kuma PIR ɗin ma haɗin kowane kamfani daban yake. Sunan kaɗai bai isa shaida ba.

Sai audugar dutse, wato abin nan mai kama da auduga da muka gani da farko. Dutse ake narkarwa a mayar da shi zare, shi ya sa ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1000. A cikin fanel ana yanka ta layi-layi a juya ta yadda zaren zai tokare fallayen biyu. Ajin fanel ɗinta yawanci A2-s1,d0 ne, gam da fenti ne suka hana fanel ɗin zama A1. Ita ce ke kai EI 60, EI 120, har EI 240 idan an ƙara kauri. Kada a ɗauke ta ɗaya da audugar gilas, wadda ke narkewa tun kafin ta dutse da tazara mai yawa. Ka kuma tambayi nauyin audugar dutsen, don wadda ake sa wa a bangon gobara yawanci tana kai kilo 100 ko fiye a kowace kubik mita, kuma a nan ne mai son rage kuɗi ke yin ƙwange ba tare da kowa ya gani ba.

Audugar dutse tana da nata cikas, gara ka san su tun kafin oda. Ba ta kai PIR hana zafi ba. Ma'aunin ratsawar zafi na PIR kusan 0.022 ne, na audugar da ke cikin fanel kuwa wajen 0.042, wato aikin da PIR mai milimita 100 zai yi, sai audugar ta kusa milimita 200. Saboda haka lissafi biyu za ka yi wa kowane bango, kaurin da gobara ke nema da kaurin da hana zafi ke nema, ka ɗauki wanda ya fi. Ga kuma nauyi. Fallen ƙarfe mai rabin milimita ya kusa kilo 4 a kowane murabba'in mita, biyu kilo 8. Ɗora auduga mai milimita 100 mai nauyin kilo 110, ka samu kusan kilo 19, alhali PIR mai wannan kaurin wajen kilo 12 ne. Allo ɗaya mai tsawon mita 6 da faɗin mita ɗaya ya haura kilo 110 ke nan. Injiniyan ƙarfe na bukatar wannan lamba, masu kafawa kuma na bukatar injin ɗagawa, in ba haka ba za su lanƙwasa allon su tsinka zaren tun kafin ya hau.

Ɗakin sanyi shi ne wurin da zaɓin ke da wuya. Auduga tana shan laima, kuma a ɗakin daskarewa tururin da ya sami hanyar shiga ƙanƙara zai zama a cikin bangon. Abin da na fi ganin ya yi daidai shi ne a kewaye ɗakin sanyin da PIR mai shaidar da inshora ta yarda da ita, sannan a raba shi da ɗakin injuna da wurin loda kaya da bangon gobara na daban, na auduga ko na kankare.

Mutane kan tambaye ni game da Grenfell, dogon benen nan na Landan da ya ƙone ranar 14 ga Yuni, 2017, mutum 72 suka rasu. Allunan da aka lulluɓe shi da su ba irin waɗannan ba ne, sirara ne na alminiyam masu cikon roba, da soso mai ci a bayansu. Amma abin da ya biyo baya ya shafe mu: a ƙarshen 2018 Ingila ta hana amfani da kayan da ke ci a bangon waje na sabbin gine-ginen kwana da suka haura mita 18. Ni a wurina, ginin da mutane ke kwana a ciki ko marasa lafiya ke kwance, ko doka ba ta tilasta ba, ba na sauka ƙasa da A2-s1,d0.

Mataki na huɗu: karanta rahoton gwajin da kanka

Mai sayarwa zai turo maka takarda mai shafi ɗaya da tambari mai ƙyalli. Ka gode masa, ka nemi cikakken rahoton da ya ba bangon ajinsa, in ya yiwu da rahoton gwajin kansa. Wanda kayansa ke da gaskiya ba ya jan ƙafa a kan wannan.

Ajiye rahoton a hannun dama, takardar farashi a hagu, ka bi su layi-layi. Sunan kamfanin da ya kai kayan gwaji shi ne na wanda ya ƙera abin da za a kawo maka? Sunan samfurin ɗaya ne? Kaurin fanel, nauyin ciko, kaurin fallen ƙarfe? A tsaye aka kafa allunan a tanderu ko a kwance? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don idan gam ya saki, yadda allon tsaye ke rataye ya bambanta da na kwance. Wace irin mahaɗa ce, mai ɓoye sukuru ko mai nuna shi? An ɗinke mahaɗar da ƙananan sukuru, kuma a kowane santimita nawa? An sa wani danƙo ko tsiri mai kumbura a cikinta? Ga bangon waje za ka ga alamar i→o, wato wuta daga ciki zuwa waje, ko o→i, ko i↔o idan an tabbatar da ɓangarorin biyu. Duba kuma ko ɗakin gwajin yana da amincewar ISO/IEC 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakunan gwaji, kuma idan zuciyarka ba ta kwanta ba, rubuta musu da lambar rahoton su tabbatar maka nasu ne.

Na taɓa zama da wani rahoto da ya ce EI 120, komai nasa na gaske ne, babu jabu ko ɗaya. Sai da na kai shafin zane na ga fanel ɗin da aka gwada milimita 150 ne, a tsaye, an ɗinke kowace mahaɗa. Wanda aka ba mu farashinsa milimita 100 ne, a kwance za a kafa shi, tsakanin ginshiƙai masu tazarar mita 6, kuma babu maganar ɗinki a lissafin ɗan kwangila. Da ba a buɗe shafin nan ba, da an gina bangon da babu wanda ya taɓa gwadawa, an rataya masa takardar wani.

Maganar tazara ita ce aka fi mantawa. Tanderu mita 3 ne, sito kuwa yakan kai mita 10 ko fiye. Ba a ɗaukar sakamakon ƙaramin bango a ɗora wa babba haka kawai. Akwai ƙa'idar da ta tsara yadda ake faɗaɗa sakamako ga fanel irin wannan, EN 15254-5, kuma rahoton zai faɗi iyakar tazarar da aka amince da ita ga kowane adadin mintoci. Sau da yawa za ka tarar tazarar da ta halatta ga EI 60 ta fi wadda ta halatta ga EI 120 a fanel ɗaya. Idan zanenka ya wuce iyakar, ko ka ƙara ƙarfen tokara, ko ka ƙara kauri, ko ka sauya samfuri.

Gwaji na rana ɗaya ne, masana'anta kuwa kullum tana aiki. Shi ya sa shaidar hukuma mai zaman kanta da ke komawa masana'antar lokaci-lokaci tana duba kaya ta fi rahoto tilo nauyi. Ga kayan Turai, nemi takardar da ta nuna an ƙera su bisa EN 14509.

Mataki na biyar: ƙarfen da ke riƙe da bangon

Fanel mai awa biyu da aka ɗaure a jikin ƙarfe tsirara zai faɗi tare da ƙarfen. A wajen digiri 600 ƙarfen gini ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, tanderun gwaji kuwa yana wuce nan kafin minti goma. Dole ginshiƙai da ƙarafan da ke ɗauke da bangon su sami kariyar da ta kai mintocin bangon, da fenti mai kumbura ko da alluna na musamman. Sukuru da ribiti su zama na ƙarfe irin waɗanda rahoton ya ambata. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, don haka ribitin alminiyam ba shi da aiki a nan.

Mataki na shida: gefuna, ƙofofi da huda

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gobara ma haka take. Fara da saman bangon. Idan ya tsaya a ƙarƙashin rufin fanel mai ciko mai ci, wutar za ta bi ta cikin rufin ta sauka a ɗaya ɓangaren, bangon na tsaye lafiya lau. Ko dai a ɗaga bangon ya ratsa rufin, ko a katse cikon rufin da abin da ba ya ci a ɓangarorin biyu, gwargwadon faɗin da doka ta tsara. Ramukan da ke tsakanin tudun kwanon rufi da kan bango a cika su da audugar dutse. Haka kusurwoyi, haka gindin bango, haka inda fanel ya haɗu da kankare. Nemi zanen kowanne daga kamfanin da ya ƙera fanel ɗin.

Ƙofar gobara tana da nata gwajin, EN 1634-1, amma tambayar ita ce a jikin wane irin bango aka gwada ta. Wadda aka gwada a bangon bulo ba lalle ta dace da fanel ba, galibi sai an yi mata firam na ƙarfe da ke ɗauke da nauyinta.

Huda ita ce ta fi ci mini rai, domin bayan an gama komai take zuwa. Mai aikin lantarki ya zo ya ɓula bango ya wuce da wayoyinsa, ya fesa soson gwangwani a ramin, ya tafi. Na sha tura yatsa a irin wannan toshi a bangon da aka kashe maƙudan kuɗi don ya tsaya awa biyu. Kowace huda tana bukatar toshin da aka gwada bisa EN 1366-3 ko makamancinsa, kuma a jikin fanel aka gwada shi, ba a kankare kawai ba. Bututun roba yana bukatar zobe mai kumbura da zai matse ramin idan robar ta narke. Bututun iska yana bukatar murfin da ke rufe kansa idan ya ji zafi. Nauyin wayoyi da bututu kuma kada ya rataya a jikin fanel. Mafi sauƙi shi ne a zauna da masu lantarki da masu famfo tun a kan zane, a tara hanyoyinsu wuri ɗaya, huda uku da aka yi da kyau sun fi talatin da ba mai iya bibiya.

Mataki na bakwai: ranar da kaya suka iso, da bayanta

Kafin a sauke mota, duba lakabin kowane ɗauri ka gwada shi da oda. Auna kauri. Leƙa bakin allon ka ga ko layukan audugar sun haɗu, babu giɓi a tsakaninsu, ka danna fallen ka ji ko ya manne. Idan kana shakkar nauyin ciko, yanki guntu mai girman da ka sani ka ɗora a sikeli. A ajiye allunan sama da ƙasa, a ɗan karkace, a rufe, don audugar da ta sha ruwa a fili ba ta komawa yadda take.

Wajen yanka a yi amfani da zarto mai haƙora wanda ba ya tartsatsi. Injin guga mai faifai yana ƙona fenti, kuma a fanel mai soso yana iya kunna cikon. Aikin walda kusa da soso tsirara ya kashe mutane da yawa. A watan Afrilu na 2020 ma'aikata 38 suka rasu a wani sito da ake kan ginawa a Icheon da ke Koriya ta Kudu, bincike kuma ya danganta gobarar da tartsatsin walda da ya kama soson hana zafi. Duk aikin wuta a wurin ya zama da rubutaccen izini, da mai tsaro riƙe da abin kashe wuta, wanda zai ci gaba da zama bayan an gama.

Kafin a rufe silin ko a jera kantoci, bi bangon daga farko zuwa ƙarshe da rahoton a hannunka. Ƙirga sukurun ɗinki a mahaɗa biyu ko uku da ka zaɓa da kanka. Ɗauki hoton kowane toshi, a manna masa lamba. Haɗa hotunan da rahotanni da zane a fayil ɗaya, ka miƙa wa wanda zai riƙe ginin, tare da sharaɗin cewa babu mai huda bangon da aka yi wa jan layi sai da saninsa. Aƙalla sau ɗaya a shekara a sake zagayawa, a duba inda motar ɗaga kaya ta buga ta yage falle, a gyara kafin ciko ya daɗe a buɗe.

A bakin babbar ƙofar shiga kuma a kafa ɗan allo mai zanen ginin, wanda ya nuna bangayen gobara da irin cikon da ke cikin kowane bango da rufi. 'Yan kwana-kwanan da za su iso da tsakar dare farin ƙarfe kawai za su gani, kuma da abin da ke kan allon nan shugabansu zai yanke shawarar ko ya tura mutanensa ciki ko su yaƙi wutar daga waje.